Sa'ad Da Al'ada Ta Ɗauke: Kada Ƙungiya Ta Rasa Manyan Matanta

A wannan fitowa mun ajiye zancen taki da iri, za mu taɓa wata magana wadda ba a saba yi a taron ƙungiya ba. Dattawa su yi mana gafara. Dalilin ɗauko ta shi ne mun kusa rasa ma'ajiyar wata ƙungiya a wajen Tsamaye, cikin ƙasar Sabon Birni. Da ta tafi kuwa, da laifinmu a ciki.

Matar nan ta daɗe tana riƙe da akwatin kuɗi, ko kwabo bai taɓa salwanta a hannunta ba. Ita ta san wanda ya ci bashin hatsi a rumbun tsimi, da wanda ya biya, da wanda ya kamata a ɗaga wa ƙafa. Da bazarar bara sai ta soma makara wajen aiki. Ran matsar man gyaɗa ta tashi daga bakin murhu har sau uku, ta fita waje, zufa tana zuba kamar an kwara mata ruwa. Wata rana ta yi kuskure a lissafin adashe, wata yarinya ta yi dariya, ita kuwa ta hau ta da faɗa, abin da ba halinta ba. Dokar ƙungiya ta ce wanda ya makara sau uku a ci shi tara. Aka ci ta. Mu muka taimaka aka rubuta dokar nan, muna zaune kuma aka yanke tarar, ba mu ce uffan ba.

Bayan kwana biyu ta same mu a gindin bedi, ta ce, "Malam, ku nemi wata ta karɓi akwatin. Kaina ba ya riƙe lissafi yanzu, barci kuma ya guje mini."

Muka ce, "Inna, ko zazzaɓi ne?"

Ta ce, "Ɗana, ba irin abin da ake gaya wa ɗa ba ne."

Sai muka roƙi wata tsohuwar ungozoma ta zauna da ita. Ashe shekara biyu al'adarta tana zuwa tana ɗaukewa, yanzu kuma wata bakwai ba ta gan ta ba. Wata maƙwabciya ta ce mata ciki ne ya kwanta. Wata ta ce jifa ne, tun da kuɗin jama'a yana hannunta. Har ta sayar da akuya ta biya magani. A kwalejin horon malamai an koya mana yadda bunun masara yake sa ta yi ƙwaya, da kwana 21 da kaza take yi a kan ƙwai, amma ba wanda ya tsaya ya bayyana mana abin da yake faruwa ga iyayenmu mata idan sun doshi hamsin. Sai da muka je muka tambayi masu aikin asibiti, muka karanta. Ga abin da muka samo.

ABIN DA YAKE FARUWA A JIKI

Kowace mace tana da jakar ƙwai guda biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa. Da ƙwayayenta ake haifuwarta, miliyan 1 zuwa 2, kuma ba a ƙara mata wasu. Kamar rumbun da aka cika sau ɗaya ne, ana ɗiba ba a zubawa. Kafin ta balaga sun ragu ƙwarai. A dukan shekarun haihuwarta kimanin 400 zuwa 500 ne kaɗai suke nuna su fito, sauran suna narkewa da kansu. Jakar ƙwai ɗin nan ita ce kuma take yin wani sinadari da likitoci suke kira istirojin. Shi ne yake shirya mahaifa kowane wata. Yana kuma kiyaye ƙarfin ƙashi, da laushin gaba, yana taimaka wa jiki ya daidaita zafinsa.

Sa'ad da ƙwayayen suka kusa ƙarewa, sinadarin nan yakan yi ta hawa da sauka kafin ya kwanta. Shekarun hawa da saukan nan su ne masu wuya. Al'ada takan zo da wuri, ko ta yi latti, ko ta tsallake wata biyu uku, wani lokaci kaɗan, wani lokaci da yawa. In mace ta yi wata 12 cur ba ta gani ba, ba ciki, ba shayarwa, ba maganin tazarar haihuwa, to, an ce al'ada ta ɗauke ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga yawancin mata wannan yakan faru tsakanin shekara 45 da 55. Wani bincike da likitocin Ile-Ife suka buga a 1990 ya sami cewa ga matan da aka tambaya abin ya faɗo wajen shekara 48, kuma ciwon gaɓoɓi da zafin jiki su suka fi damunsu. Wannan ba cuta ba ce. Duk macen da Allah ya ja kwananta za ta bi ta nan.

Zafin nan da ya tashi ma'ajiyarmu daga murhu yana da dalili. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da yake lura da zafin jiki. In istirojin ya ragu, wurin yakan zama mai saurin firgita, ɗan zafi kaɗan sai ya ɗauka jiki yana ƙuna. Nan da nan jijiyoyin jini na fata su buɗe, zafi ya taso daga ƙirji zuwa wuya da fuska, zufa ta karyo, zuciya ta yi ta bugawa. Yawanci minti 1 zuwa 5 ne, sa'an nan ya wuce, har ta ji sanyi. In aka sa mata ma'aunin zafi ba za a ga zazzaɓi ba. Wata sau ɗaya a mako, wata sau goma a yini, wata kuwa ba ta san shi ba sam. Ba kuma abin wata biyu ba ne. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2015 ya nuna cewa ga waɗanda abin ya dama sosai yakan kai shekara 7, ga baƙar fata na can har shekara 10. Ku tuna matan can suna da fanka da ruwan sanyi. Mu a nan cikin Afrilu da Mayu zafin gari yakan wuce awo 40.

Idan zafin ya zo da dare sai ta farka zanenta sharkaf. In haka ya yi ta faruwa dare bayan dare, gari zai waye mata da gajiya, da saurin fushi, da mantuwa. Wane ne cikinmu zai yi wata shida ba cikakken barci ya riƙe lissafi daidai? Mantuwar nan takan ragu bayan jiki ya zauna. Hankalinta bai taɓu ba, ba kuma iska ba ce ta shige ta.

CIKI BA YA KWANCIYA

Tilas mu faɗi wannan a fili, gama ya cinye awaki da yawa a ƙasar nan. Ciki wata tara ne, watau kimanin mako 40. Ba ya kwanciya shekara biyu ko uku sa'an nan a tashe shi da magani. Mace mai shekara arba'in da wani abu wadda al'adarta ta tsaya, ta yi gwajin fitsari a asibiti mafi kusa, kuɗinsa bai kai na kaza ba. In ba ciki, ta huta da sayen magani. In kuwa cikinta yana girma alhali gwaji ya ce babu, lalle likita ya duba, gama ƙari a mahaifa ko a jakar ƙwai yakan yi haka.

Amma a lura, cikin shekarun da al'ada take zuwa tana ɗaukewa, mace tana iya ɗaukar ciki na gaske, kuma ciki a wannan shekaru ya fi hatsari. Wadda take tazarar haihuwa ta ci gaba har shekara 2 bayan al'adar ƙarshe in ba ta kai 50 ba, ko shekara 1 in ta wuce 50.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, watau a jingina kome ga shekaru. Zufar dare tare da tari na sama da mako 2 da rama, tarin fuka ake zargi, maganinsa kuwa kyauta ne a asibitin gwamnati. Zafin da ya zo da rawar ɗari da ciwon kai ya daɗe bai sauka ba, a gwada jini don zazzaɓin cizon sauro. Hawan jini da ciwon sukari sukan bayyana a wannan shekaru, ba sa kuma sallama, sai an auna. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin ta kai 40 ta ga likita. Kada mu manta da halin da ƙasarmu ta shiga. Tun daga 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, a watan Mayu na 2020 kuma aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini ɗaya. Macen da ta kwana a daji, ko ta binne miji, tana da dalilin rashin barci da faɗuwar gaba wanda ba na al'ada ba. Sau da yawa biyun sukan haɗu a jikin mutum ɗaya.

Alamar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wannan. Idan al'ada ta ɗauke shekara guda, sa'an nan jini ya sake fitowa, ko ɗigo ɗaya ne, wannan ba al'ada ba ce ta dawo. Mun ji ana yi wa wata barka, wai ƙuruciya ta komo. A yawancin lokaci dalilin ƙarami ne, amma a cikin mata 10 masu irin wannan jini ana iya samun ɗaya mai ciwon daji. Haka jini bayan kwanciya da miji, da ruwa mai wari, da ƙullutu a nono. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa ga matan Nijeriya, bayan ta nono, kuma in an kama ta da wuri ana warkewa. Irin wannan ba na jira sai bayan girbi ba ne. A fara da babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, in suka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a je. Tun 2023 gwamnati ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da take kawo wannan sankara, kyauta. Kakanni su kai jikokinsu.

A WURIN AIKI

To, mene ne ruwan ƙungiya da duk wannan? Ku dubi littafin sunayenku. Matan da suke riƙe da akwati, da mabuɗin rumbu, da sanin irin gero mai jure fari, da sulhu in rigima ta tashi, kusan duk sun wuce arba'in. Sai a wannan shekaru mace take samun sararin fita, goyo ya ƙare, 'ya'ya sun girma, maganarta ta yi nauyi. A gidajen da maza suka rasu ko suka tafi cin rani, ita ce mai gida. Dokokinmu kuwa mun rubuta su ne da jikin ɗan shekara talatin a zuciya.

Ƙasar Gobir ba baƙuwa ba ce ga shugabancin manyan mata. Sarautar Inna, babbar mace daga gidan sarauta, tana da girma a fadar Gobir tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauye, manyan mata ta zaɓa ta naɗa su jajis, ta ba su malfa, su suke jagorar 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta su komo da karatu. Ta san su ne masu 'yancin tafiya, su kuma ake saurara. Mu ne muka zo muna cin irin waɗannan mata tara.

Abu na farko da ƙungiyar wajen Tsamaye ta gyara shi ne lokaci. Aikin gayya da ake fara shi da hantsi a tashi da azahar, aka mai da shi daga fitowar rana zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, a koma da la'asar. Kowa ya ji daɗin wannan, har samari. Sai dai wadda ba ta yi barci da dare ba, ba za ta fito da asuba ba, don haka aka yarda mutum ya zaɓi safe ko yamma, a auna aikinsa da kunya nawa ya nome ko tiya nawa ya gyara, a bar duban ƙarfe nawa ya zo. Tarar makara ta tsaya ga wanda bai aiko da uzuri ba. Uzurin mace kuwa wurin shugabar mata yake zuwa, ita ta ce wa magatakarda "an karɓa", ba tambaya. Wannan ƙaramin abu shi ya fi kome amfani. Ba macen da za ta tsaya gaban surukinta ta bayyana abin da ya hana ta barci.

Na biyu, rabon aiki. Suyar ƙuli-ƙuli, da turara shinkafa, da toya awara, aikin bakin wuta ne, kuma bisa al'ada manya ake bar wa domin sun fi gwaninta. Yanzu babba tana zaune a inuwa tana lura, tana cewa a rage wuta ko a kwashe, ƙanana suna juyawa. Wadda take so ta yi da hannunta ba a hana ta ba, amma ana canji kowane rabin sa'a. Zaɓen iri, da awo, da ɗinkin buhu, da renon dashen albasa, duk aiki ne, ladansu ɗaya. An kafa rumfa a bakin fadama, da randar ruwa a rufe. An kewaye wani wuri da zana domin mata, da buta da sabulu, gama a wannan shekaru jini yakan zo ba zato, fitsari kuma yakan matsa. Dā sai mace ta koma gida, in ta koma kuwa ba ta dawowa. Duk wannan bai ci kuɗin buhun taki ɗaya ba.

Game da lissafi, an ba ma'ajiya mataimakiya, yarinyar nan da ta yi dariya. Ita take rubutawa, Inna tana faɗa, su ƙirga kuɗi tare. Gaskiya tun farko haka ya kamata, ko wace ce ma'ajiya.

Wasu maza sun yi gunaguni, suka ce in aka buɗe wannan ƙofa kowace raguwa za ta shige. Ba mu raina maganarsu ba, gama ƙungiya ba ta tsayawa sai da doka. Amsarmu ita ce aikin ake aunawa, kuma mata sun san junansu fiye da yadda muka san su. Shugabar mata ba ta karɓar uzurin ƙarya sau biyu. Wasa kuma da wannan magana a bainar jama'a, ko kiran mace da sunan da zai kunyata ta, shi ne yanzu abin tara.

ABINCI, MAGANI, DA GIDA

Bayan al'ada ta ɗauke ƙashi yakan yi saurin raguwa, har kusan kashi 10 cikin 100 a shekara 5 na farko. Shi ya sa tsohuwa takan zame a bakin rijiya ƙugu ya karye. Abin da yake gina ƙashi yana gidajenmu: nono da kindirmo, zogale, kuka, riɗi, wake, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Wadda jini yake zuba mata da yawa tana bukatar hanta, da wake, da ganye, ta kuma auna jininta. Tafiya da aikin gona suna ƙarfafa ƙashi, saboda haka kada a ce ta zauna gida don tausayi. Babban tulu da dami mai nauyi ne za a sauke mata. Yaji mai yawa, da shayi mai zafi, da goro da yamma sukan tayar wa waɗansu da zafin, kowace ta lura da nata. Mai hawan jini ta rage gishiri da kanwa.

Muna gargaɗi a kan ƙwayoyin haɗi da ake sayarwa a kasuwa don ciwon gaɓoɓi. Waɗansu suna jawo gyambon ciki su lalata ƙoda, waɗansu kuma suna ƙara cinye ƙashin da muke so mu tsare. Akwai maganin asibiti da yake mayar wa jiki istirojin, yana kuma kwantar da zafin sosai. Ya fi dacewa da wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba. Amma ba kowa ake ba ba. Wadda ta taɓa sankarar nono ko daskarewar jini ba ta sha, mai mahaifa kuma sai an haɗa mata da wani magani na biyu. Likita ne kaɗai zai rubuta.

Ga mazaje, kalma biyu. Gaba takan bushe a wannan lokaci, kwanciya ta zama da zafi. Matarka ba ƙin ka take yi ba. Akwai man shafawa da maganin da ake samu a asibiti, ka raka ta. Mata kuma su guji cusa alif ko haɗin matsi, gama fatar wurin ta yi laushi, sai rauni da jini. Ka bar ta ta kwana inda iska take, cikin gidan sauro, da ruwa kusa.

Ƙungiyar ta ware tiya ɗaya ɗaya daga kowane mutum a lokacin kaka, a sayar a ajiye domin kuɗin mota zuwa asibiti, mace ta tafi da 'yar rakiya, da rana, ran da motoci suke tafiya tare. Shugabar mata da ma'ajiya ne kaɗai suke sanin wadda ta karɓa. Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana a taronta na gaba, mata su fara zama su kaɗai, a zumuntar mata ko a gidan shugabarsu, su gayyaci ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti, sa'an nan su kawo wa babban taro abin da suke so a gyara.

Ma'ajiyarmu an mayar mata da kuɗin tararta a gaban jama'a. Da aka auna ta an sami hawan jini, tana shan magani. Zafin bai bar ta ba tukuna, ta ce har yanzu yakan tashe ta sau biyu kafin asuba. Akwatin yana hannunta, kuma a kakar bana ita ta raka mace ta farko da aka biya wa kuɗin mota zuwa Sakkwato.